Ɗaukar hoton daji daga ƙaramin jirgin sama: Azbin, Yankari ko fadamar Haɗeja?

Abba Rafindadi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce ga masana jirgi da masana hoto. Mu uku ne masu ɗaukar hoto a nan Katsina, muna son mu yi karo-karo mu ɗauki hayar ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya, mu ɗauki hoton daji daga sama. Wurare uku ke ranmu: duwatsun Azbin da rairayin Tenere a Nijar, dajin Yankari, ko fadamar Haɗeja da Nguru. Wanne ya fi yiwuwa, a wane wata, kuma da wane kaya? Don Allah a warware mana dalla-dalla.

Kyaftin Lawal: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a yi maganar inda za a je, a fara hawa sikeli. Jirgin da aka fi sani a wannan aikin shi ne Cessna 172, kujera huɗu. Iyakar nauyin da zai tashi da shi kilo 1,157 ne a sabon samfuri, shi kansa babu mai babu mutum ya kai kilo 760. Abin da ya rage wajen kilo 395, kuma a ciki ne mutane da kaya da mai za su shiga. Tankinsa na cin lita 200, kowace lita ta man jirgi kilo 0.72, wato cikakken tanki kilo 144. Saura kilo 250. Matuƙi da mutum biyu masu kilo 75 sun cinye 225, sauran 25 na kyamara da ruwan sha ne. In kuka ce sai ku uku duka da matuƙi, mai ne zai ragu, ya koma wajen lita 97, shawagin da bai kai awa uku ba ke nan har tanki ya bushe. Kujera huɗu sunan jirgin ne kawai. Ko ku riƙa shiga biyu-biyu, ko ku nemi Cessna 206 mai kujera shida, amma shi yana shan kusan lita 60 a awa, shi kuwa 172 wajen 35.

Abba Rafindadi: Ikon Allah. Mu da muke lissafin har da na huɗu mai riƙe mana jaka.

Kyaftin Lawal: Mai riƙe jaka ya tsaya a ƙasa ya riƙe muku addu'a.

Injiniya Kabir: In ƙara a kan maganar Kyaftin, babbar matsalar ma ba yawan man ba ce, samunsa ne. Jirgi mai fistin irin wannan man da ake kira Avgas 100LL yake sha, launinsa shuɗi. Abin da ke yawancin filayen jirginmu Jet A-1 ne, kananzir ɗin manyan jirage. In aka zuba kananzir a injin fetur, injin zai iya tashi har ya ɗaga jirgin da ragowar man da ke cikin bututu, sai an yi sama ya fara ƙwanƙwasa ya mutu. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ɗiga man a kan farar takarda. Avgas zai bushe tsaf, kananzir zai bar tabon maiƙo. Saboda haka duk inda za a sauka, sai an tabbatar tun da mako guda akwai Avgas a wurin, ko a tura duro a mota ya riga ku isa. Akwai ƙananan jirage masu injin dizal da ke shan Jet A-1, irin Diamond DA40 da ake koyon tuƙi da shi a kwalejin jiragen sama ta Zariya, amma fiffikensa a ƙasa yake, duk inda ka leƙa shi za ka gani. Mai hoto jirgi mai fiffike a sama yake so.

Malam Isiyaku Daura: Ni dai in za a bi son rai, Azbin. Hanyar kakanni ce, ayarin gishiri daga Balma da Fachi ya ratsa Tenere zuwa Agadas, daga nan kantu ya gangaro kasuwanninmu. Hoton raƙuma a jere da inuwarsu a kan rairayi da sassafe, ba abin da zai kama ƙafarsa. Kuma ba nisa, Agadas daga Katsina bai wuce kilomita 450 a miƙe ba.

Kyaftin Lawal: Malam, Allah ya ƙara girma, a taswira kusa ne, a takarda kuwa nesa. Tsallaka iyaka da jirgi na nufin izinin shiga sararin Nijar da izinin sauka, a fita ta filin da ke da kwastan da jami'an shige da fice a bakin aiki, irin na Kano, a shiga ta filin da su ma suka yarda. Tun juyin mulkin Yulin 2023 harkar shawagi a can ta ƙara tsauri, balle a ce baƙon jirgi ne da kyamara a taga. Sannan Agadas ƙofa ce kawai. Daga Agadas zuwa Balma kilomita 550 ne da ɗoriya, kuma tsakani babu inda za ka ce a ƙara maka mai. Ƙololuwar dutsen Bagzan da ke Azbin ta kai mita 2,022. Shi kansa Mano Dayak, wanda filin jirgin Agadas ke ɗauke da sunansa, haɗarin ƙaramin jirgi ne ya yi ajalinsa a yankin Azbin a Disambar 1995, kuma ɗan ƙasar ne. Wurin ya cancanci hoto, tun 1991 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, amma ba da shi ake fara koyo ba. A ajiye shi tukuna.

Malam Isiyaku Daura: To, na ji. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma ku Katsinawa na san dalilin da ba ku son a ce Haɗeja, kada abokan wasanku su ce kun zo leƙen tukunyar kifinsu daga sama.

Hajiya Rabi Ƙofar Soro: Malam Isiyaku ka bar tsokana. A wajen hoto ma fadamar ta fi Yankari ba da abin gani daga sama. Mutane na zaton in sun hau jirgi za su cika memori da giwa da ɓauna. Daga ƙafa 1,000 giwa ɗigo ce mai toka-toka, kuma da rana ta ɗaga tana ƙarƙashin itatuwan bakin kogin Gaji. Abin da sama ke bayarwa zane ne: yadda ruwa ya rarrabu ya yi 'ya'ya, kachalla ta toshe wata hanya ruwan ya ɓalle ta wata, jerin tuddan rairayi da ruwa a tsakaninsu, kwalekwale ɗaya a tsakiyar tafki, sawun shanu ya taho daga ko'ina ya haɗu a mashaya. Wannan fadamar Haɗeja da Nguru ta tara shi. Yankari kuwa a shiga ta mota, a kwana a Wikki, a fita da sassafe da dogon lensi, ya fi.

Kyaftin Lawal: Lissafin mai ma na goyon bayan Hajiya. Lita 200 a kan 35 a awa, awa biyar da minti arba'in. A cire awa guda ta ajiya wadda ba a taɓawa. Doka ta ce minti 30 da rana, amma a ƙasar da filin jirgi na gaba ke da nisa, awa guda ce hankali. Saura awa huɗu da minti arba'in. Katsina zuwa tsakiyar Yankari kusan kilomita 470, a gudun kilomita 200 a awa zuwa da dawowa sun cinye duka, ba a ɗauki hoto ko ɗaya ba. Dole a sauka Bauchi, a kwana, mai na jira. Nguru kuwa wajen kilomita 300 ne, awa uku zuwa da dawowa, a samu awa ɗaya da rabi a kan fadama. Amma ko nan ɗin ya fi a kwana a Dutse a tashi daga can, domin jirgin da ke tafiya da ganin ido ba ya tashi cikin duhu, kuma in kun baro Katsina da fitowar rana, sai kusan ƙarfe takwas za ku isa, hasken ya fara lalacewa.

Abba Rafindadi: Yallaɓai, wane wata ke nan? Mu Disamba muka tsara, lokacin hutu, kuma an ce lokacin tsuntsayen Turai suka cika Dagona, matattarar tsuntsaye da ke cikin fadamar.

Kyaftin Lawal: Disamba da Janairu su ne tsakiyar hazo. Ƙurar daga kwarin Bodele na Chadi iskar hunturu ke kwaso ta, kuma fadamar na kan hanyarta kafin ta iso mu. Tafiya da ganin ido na bukatar a iya hangen kilomita 5 aƙalla. A ranar hazo mai kauri hange na sauka ƙasa da kilomita ɗaya, manyan jirage ma soke tashi suke yi a Kano da Katsina. Mugun abin da ke cikin hazo shi ne in ka dubi ƙasa kai tsaye kana ganinta, sai ka ɗauka lafiya, amma gaba babu layin da ya raba sama da ƙasa. Matuƙin da ba shi da horon tuƙi da agogunan jirgi, cikin ɗan lokaci jikinsa zai gaya masa jirgi a miƙe yake alhali ya karkata. Lokacin da ya dace ƙarshen Oktoba ne zuwa tsakiyar Nuwamba: hadari ya janye, hazo bai kankama ba, ruwa na nan cike a fadama, ciyawa ba ta gama bushewa ba, ƙunar daji ba ta yi yawa ba. Tsakiyar damina iska a wanke take tas bayan ruwa, amma hadarin gabas na haɗuwa da sauri bayan azahar, kuma ƙaramin jirgi ba ya kusantar baƙin hadari ƙasa da kilomita 35.

Hajiya Rabi Ƙofar Soro: Kyaftin, a nan ina da ja kaɗan. Ba kowane hazo ne abokin gaba ba. Siririn hazo da safe, in aka fuskanci ɓangaren rana, yana jera itatuwa da tuddai hawa-hawa, na kusa baƙi, na nesa fari-fari. Wasu hotunan da suka fi kyau a nan suke fitowa.

Kyaftin Lawal: Hajiya, ban ƙi ba, in rahoton NiMet, hukumar hasashen yanayi, ya ce hange ya kai kilomita 8 ko 10, a je a ɗauki hawa-hawan. Matsalar ita ce hazon da aka tashi da shi siriri da ƙarfe bakwai ba shi da alkawarin zama haka zuwa ƙarfe goma. A duba rahoton filin da za a koma da na filin ko-ta-kwana, ba na inda aka tashi kaɗai ba. Kuma a ware kwana uku don shawagin safiya ɗaya. Wanda ya ware kwana ɗaya tak shi ne ke matsa wa matuƙi ya tashi a ranar da bai kamata ba.

Injiniya Kabir: Kada kuma wani ya ce to a bari sai bazara, Maris ko Afrilu. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike da farfela da inji duk ba sa samun abin kamawa. Lissafin haka yake: filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na kusan ƙafa 1,660 sama da teku, zafin da aka auna ƙarfin jirgi da shi a wannan tsayin digiri 12 ne. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru, kamar an ɗaga filin da ƙafa 120 ne. A ranar digiri 40, bambancin 28 ne, sau 120, ƙafa 3,360. Jirgin zai ji kamar daga tsaunin ƙafa 5,000 yake tashi. Inji na rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, ka ga kashi 15 sun tafi. A dogon titin kwalta na Katsina ba komai, zai yi ta gudu har ya ɗaga. A gajeren fili na ƙasa mai itatuwa a ƙarshe, da cikakken kaya, nan ne ake shiga uku.

Hajiya Rabi Ƙofar Soro: Bari in shiga maganar kyamara, tunda nan ne kuɗin ke tashi a banza. Abu na farko saurin ƙiftawa. Jirgin da ya rage gudu don hoto yana cin wajen mita 40 a daƙiƙa. In ka ƙifta a 1/1000 na daƙiƙa, ƙasa ta gusa santimita 4 kafin ido ya rufe. Daga tsayin mita 300, lensi mai milimita 50 a babbar kyamara yana ɗaukar faɗin ƙasa mita 216, in hoton ɗigo 6,000 ne a faɗi, kowane ɗigo santimita uku da rabi ne, gusawar ba za ta fito ba. Amma a milimita 200 faɗin mita 54 ne, ɗigo bai kai santimita ɗaya ba, gusawar ta shafe ɗigo huɗu, hoto ya yi dishi-dishi. Don haka gajeren lensi 1/1000, dogo 1/2000 ko sama. Buɗewar ido f/5.6 ta isa, komai nesa yake, babu gaba babu baya da za a ce ya fita daga saiti. ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a bar shi ya riƙa canza kansa, a sa masa iyaka a 1600 ko 3200. Hoto mai ɗan tsakuwa yana gyaruwa a kwamfuta, wanda ya girgiza sai shara. A ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin hazo na cinye launi, a nan ne ake dawo da shi.

Na biyu jijjiga. Kada gwiwar hannu ko lensi su taɓa taga ko jikin jirgi, karkarwar inji kai tsaye take shiga kyamara. A zauna a ɗan janye baya daga kujera, jikin mutum shi ne matashin da ke shanye ta. Kada lensi ya leƙa waje, iskar kilomita 150 a awa za ta fizge shi. A cire hular lensi a bar ta a jaka, haka murfi, in ya tashi wutsiyar jirgi zai nufa. Igiyar kyamara a wuya ko da yaushe. Kyamara biyu, ɗaya da lensin milimita 24 zuwa 70, ɗaya da 70 zuwa 200, ba a canza lensi a sama, ƙura da girgiza ba za su bari ba. Sabon batir, memori babba wanda aka share, tun a ƙasa.

Abba Rafindadi: Hajiya, ta cikin gilashi ake ɗauka ko buɗe taga ake yi?

Hajiya Rabi Ƙofar Soro: Tagar ba gilashi ba ce, roba ce, yawanci ta sha ƙarce kuma ta ɗan yi kore ko ruwan ɗorawa. In da hali a buɗe. In dole ta ciki ne, a sa baƙar riga mai dogon hannu, domin farar shadda tana fitowa a jikin taga ta shiga kowane hoto. A kusanto da lensi ba tare da ya taɓa ba, a miƙe shi sak, kada a karkace. Kuma a cire gilashin kashe ƙyalli, ta cikin robar nan launin bakan gizo yake zanawa a hoto. Ko taga a buɗe ma yana cinye haske kusan hawa biyu, wato saura kashi ɗaya cikin huɗu, sai dai a kan ruwa yana da rana.

Injiniya Kabir: Tagar 172 sama take buɗewa, amma akwai ɗan hannun ƙarfe da ke tsayar da ita rabi. Makanikin jirgi ne zai kwance shi tun a ƙasa, sai iska ta ɗaga tagar ta manna ta ƙarƙashin fiffike. Ba aikin fasinja da sukundireba ba ne. Cire ƙofa gaba ɗaya kuwa sai jirgin da takardunsa suka yarda da haka, irin 206 mai ƙofar kaya a baya, kuma da ɗamara ta musamman, a naɗe maɓallin bel da salatif kada igiyar kyamara ta ɓalle shi. A lura kuma, tagar gaba kaɗai ke buɗewa, na kujerar baya ta roba zai ɗauka. Sannan ga sandar da ta tokare fiffike da tayar jirgi, duk lensin da ya fi milimita 35 faɗi zai kwaso su. Sararin da ke tsabta yana bayan sandar, a ɗan waiwaya baya. Samfurin 177 da 210 ba su da wannan sandar, in an dace da su.

Kyaftin Lawal: Yanzu ga abin da ya fi kashe mutane a wannan sana'a, ku karanta sau biyu. Mai hoto ya hango garken shanu na ƙetare ruwa, ya ce Kyaftin sauka ƙasa, rage gudu, ƙara juyawa. Abu uku ke nan da ba a haɗa su. Fiffiken 172 yana sakin iska a wajen kilomita 90 a awa in a miƙe yake. In aka karkata digiri 30 abin ya ƙaru da kashi 7 cikin 100, a digiri 45 kashi 19, a digiri 60 kashi 41, wato kusan kilomita 127. Jirgin da ke kewaya a 130, idon matuƙi na ƙasa yana kallon abin da mai hoto ke kallo, ya ƙara jan sitiyari kaɗan, fiffike ɗaya ya saki, jirgi ya kife ya juya. A ƙafa 300 babu sararin farfaɗowa. A Alaska har suna suka ba wannan haɗarin, saboda yawan masu kewaya namun daji suna faɗuwa. Ƙa'ida tun a ƙasa: ba a sauka ƙasa da ƙafa 1,000, gudu kada ya gaza 140, karkata kada ta wuce digiri 30. In an wuce abu, a yi gaba a zagayo da faɗi. Matuƙi tuƙi, mai hoto hoto. A yarda da kalmomi kaɗan a na'urar kunne: hagu, dama, ɗaga fiffike, sake zagayowa. In matuƙi ya ce a'a, magana ta ƙare.

Tsayin nan yana da wani amfani. In inji ya mutu, 172 na tafiya mita 9 gaba a kowace mita ɗaya da ya sauka. Daga mita 300 kana da ƙasa da kilomita uku da kusan minti ɗaya da rabi ka zaɓi wurin sauka. A kan fadama wannan ba yawa ba ne, shi ya sa ake bin gefen tudu ana leƙa ruwa, ba a ratsa tsakiyar tafki.

Malam Isiyaku Daura: Kuma fadama gidan tsuntsu ce. Dinya, kirinjijiya, kwasakwasa, ga jan baki da ke tashi kamar hayaƙi. Kwasakwasa guda ta kai nauyin ɗan akuya, in ta shigo ta gilashin gaba ba sauran labari. Ungulu da shirwa kuma sai rana ta yi zafi suke hawa iskar da ke tasowa daga ƙasa, daga ƙarfe goma zuwa sama.

Kyaftin Lawal: Haka ne Malam. Tsuntsu in ya firgita ƙasa yake yi, don haka matuƙi sama yake ja, ba ya bi ta ƙarƙashinsa. A kunna fitilar sauka duk tsawon shawagin. A kan Dagona kanta a ƙara tsayi zuwa ƙafa 2,000, don jirgi da kuma don tsuntsun da ya ƙetaro Sahara ya zo hutawa. Iskar da ke ɗaga ungulun nan ita ce ke wujijjiga jirgi, wanda kuma idonsa ke manne da kyamara shi ke fara amai. Kada a tashi da yunwa, kada kuma a cika ciki da waina da miya. Shayi mai citta da ɗan burodi, leda a aljihun kujera, in zuciya ta fara tashi a ajiye kyamara a dubi nesa.

Hajiya Rabi Ƙofar Soro: Shi ya sa safiya ta haɗa komai. A nan ƙasar rana kusan a tsaye take hawa, wajen digiri 15 a awa. A Nuwamba tana fitowa kusan shida da rabi, zuwa takwas da rabi inuwa ta gajarce, ƙasa ta zama shimfiɗa ɗaya. Ana sallame asuba a kama hanyar filin jirgi, jirgi ya sha mai tun daren jiya. Haske daga gefe ake so, shi ke fito da tudu da kwari. Yamma ma na da kyau amma tarko ce, magariba a nan ba ta jira, minti ashirin da kaɗan bayan faɗuwar rana duhu ya rufa.

Sani Ƙofar Marusa: Ni fa ban ga dalilin wannan wahalar ba. Jirgi maras matuƙi na hannu ya yi duk wannan, ba mai, ba amai.

Hajiya Rabi Ƙofar Soro: Sani, aikinsu daban. Naka ba ya wuce ƙafa 400 a doka, batirinsa wajen rabin awa, kuma sai ka kai kanka wurin da ƙafa ko kwalekwale. Yana da kyau a kan tafki ɗaya. Jirgi a awa ɗaya ya shafe kilomita 150. Kuma kada ka ɗauka shi ba ya bukatar takarda, sai da rajistar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Malam Isiyaku Daura: Maganar takarda ita ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kamfanin da za a yi haya wajensa ya nuna izininsa na NCAA na irin wannan aiki da inshorar fasinja. A shigar da tsarin tafiya wajen NAMA, hukumar kula da sararin samaniya. Dagona na ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, kuma a Yobe take, don haka hukumar gandun daji da jami'an tsaron yankin su san ranar, da lambar jirgin, da launinsa, a rubuce. Yammacinmu kuwa, dajin Rugu da abin da ya yi Zamfara, kada ma a kawo shi, a Maris 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagi a sararin Zamfara, kuma ƙaramin jirgin da ke kewaya daji ƙasa-ƙasa kowa da fassarar da zai yi masa, har da mai bindiga. Barikin soja, madatsar ruwa, filin jirgi, a sauke kyamara. Sai abin da doka ba ta rubuta ba: gidajenmu tsakar gida a buɗe take, iyali na ciki. Ba a kewaya ƙauye ko ruga da dogon lensi. Shanu kuma in ƙara ta firgita su suka afka gonar shinkafa, rigimar da za ta tashi kuna Katsina kuna shan shayi.

Abba Rafindadi: Allah ya saka da alheri, Baba. In ta kama a sauka a filin ƙasa na daji fa, ko don a huta?

Injiniya Kabir: In ba dole ba kada a sauka, kuma a tambaya ko inshorar ta yarda da filin da ba kwalta. In za a yi, sai wani ya taka filin da ƙafa a ranar: suri, ramin gafiya, laka a ƙarƙashin busasshiyar fuska, ƙayar aduwa da ke huda taya. Matuƙi ya fara wucewa ƙasa-ƙasa ya duba, ya kori awaki, ya karanta iska daga hayaƙi ko ƙura. Wajen tashi a sa alama a rabin fili, in an kai nan gudu bai kai kashi 70 cikin 100 na gudun tashi ba, a taka birki. Mai daga duro a bar shi ya kwanta, a tace da mazurari mai raba ruwa, a haɗa waya tsakanin duro da mazurari da jirgi, domin a busasshiyar iska tartsatsi ɗaya daga jarkar roba ya isa. Kafin kowane tashi a tsiyayi mai daga ƙasan kowane tanki a kofi mai haske, ruwa zai kwanta a ƙasa kamar ƙwayar wake. In jirgi zai kwana, a ɗaure shi da igiya uku, a sa mai gadi, a rufe bututun auna gudu. Zanzaro na iya cika shi da laka cikin yini ɗaya, a tashi agogon gudu na karanta ƙarya.

Kyaftin Lawal: Kayan ko-ta-kwana kuma suna cikin kilo 25 ɗin nan, ba ƙari ba ne: ruwa lita 4 ga kowane mutum aƙalla, garin gishiri da sukari, dabino, madubin haska rana, ashana, tamfol mai launi, akwatin magani, wayar tauraron ɗan'adam ko na'urar kiran ceto mai aika saƙo a kan zangon rediyo na 406 MHz. A tambayi makaniki ranar da batirin na'urar ceton jirgin zai ƙare. A bar wa mutum ɗaya a gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa, da wanda zai kira in an wuce da awa guda. In an yi saukar dole a tsaya wajen jirgi, shi ake hangowa daga sama, ba mutum ba.

Abba Rafindadi: To mun koma biyu-biyu, Nuwamba, daga Dutse. Saura mu tambayi masu jirgin ko kuɗin awa ya haɗa da kawo shi daga inda yake ajiye.

Kyaftin Lawal: Bai haɗa ba, zuwansa da komawarsa duk a kanku ne, har da kwanan matuƙi. Ku tambaya kuma ko awar daga kunna inji ake ƙirga ta ko daga barin ƙasa, da wanda zai biya in hazo ya hana tashi.